Wayar da Dalma Ba Ta Kama Ba

Lantana ƙanwata ce, ciki ɗaya, don haka in na ce tana da ji da kai ba ƙage na yi mata ba. Shekara goma sha tara ke nan tana rumfar da babanmu ya bari a bakin tashar Dogon Dutsi, tana gyaran rediyo da tocila da wayar hannu. Tun tana lakwal, wato makarantar boko, take riƙe masa ƙarfen narka dalma. Ni ƙosai nake toyawa a gefenta, shi ya sa babu abin da ke wuce ni. Taƙamarta guda ce: wai aikinta bai taɓa dawowa ba.

Mijinta Sha'ibu direba ne, Dogon Kiriya yake kai fasinja. Mutumin kirki, sai dai taba. Bara tari ya kwantar da shi sati uku, likita ya gaya masa ƙiri-ƙiri in ya koma wa taba ƙirjin nan ba zai kai shi ko'ina ba. Sai wani abokinsa ya kawo masa sigarin lantarki daga Yamai, irin wanda ake dannawa ya fitar da tururi. Likita bai so wannan ɗin ma ba, amma Sha'ibu ya ce a bar shi ya sauko sannu-sannu.

Wata biyu, abin ya faɗi ya tsage, madannin ya mutu. Sha'ibu ya kawo shi rumfa da safe, mota ta cika, fasinja na ta mita, shi kuma idonsa na kan teburin mai sigari. Ranar na ga tsoro a fuskar ƙanwata. Ta kwashe kayan cikin ta zuba a kwankon wata tsohuwar tocila, ta ciro madanni daga wata matacciyar rediyo, ɗan abu bai kai ƙwayar wake ba, ta liƙa masa waya biyu da dalma. Batir babu caji, balle ta gwada. Ta miƙa masa ya tafi.

Tun daga ranar, duk sanda ya dawo abin na hannunsa, yana danna shi ƙas, ƙas. Ta kira shi da sunan 'yarsu ta ce, "Baban Samira, yana aiki?" Ya ce, "Lahiya lau."

Ni fa ba a rufe mini ido. Da aka yi sati uku na ce, "Ke, gwanar gyara, kin taɓa ganin tururi ya hito daga tocilan nan?"

Na san abin da ya faɗo mata: in ba ya aiki, to mijin na shan taba a hanya ke nan. Ta shinshina rigunansa kaf, ba ta ji komai ba, hankalinta kuma bai kwanta ba. Ran Juma'a ya bar abin a rumfa ya tafi masallaci, ta buɗe. Waya ɗaya na lilo, dalma ko taɓa ta ba ta yi ba.

Ya dawo ya tarar ta ɗora ƙarfe ya yi zafi, idonta ya yi ja.

"Ka koma wa taba?"

"Ko kara ɗaya."

"To don mi ba ka gaya mini bai aiki ba?"

Ya sosa ƙeya. "Shekara goma sha tara aikinki bai taɓa dawowa ba. Ni zan hwara maido shi?"

Ya ce kwanakin farko ya sha wuya. A Dogon Kiriya har gaban mai sigari ya tsaya, yana danna abin a aljihu, sai da kwaɗayin ya sake shi. Yanzu kam, in ji shi, babban yatsansa ne kawai ke neman abin dannawa.

Wallahi sai da na sauke ajiyar zuciya, ƙosaina na ƙonewa ban sani ba. Lantana ta daɗe tana duban wayar nan. Aikin minti ɗaya ne. Sai ta zare ƙarfen daga wuta, ta rufe kwankon yadda yake, ta sa masa a hannu.

Shekara ta zagayo, tarin bai dawo ba. Har gobe tana gaya wa masu kawo gyara cewa aikinta ba ya dawowa, ni da bakina kuma ban taɓa ƙaryata ta ba.