Maganin Zaƙi a Shekarar Fari

Jiya ina tafasa wa 'yata sabara, cikinta wata tara, ƙamshin ya tuna mini da kakata. A shekarar fari, ina da tsohon ciki, kullum sai ta kawo mini jiƙo mai ɗaci, wai kada zaƙi ya tare haihuwa.

"Wane zaƙi, Inna? Rabona da sukari tun bara!"

"Sha dai. Ba a shan sa da yunwa, ga kunu."

Ina zumɓura baki, ina shanyewa. Ashe kunun nan abincinta ne na yini. Baffannina sun sani, ba wanda ya tanka. Bayan na haihu, saura kwana biyu a yi suna, Inna ta rasu.

Allah ya ƙosar da ke a Aljanna, Inna. Ni har yau ɗacin bai bar bakina ba.