Kakan Surukata Mai Gemu

Bayan na yi ritaya daga koyarwa sai na kamu da son tsofaffin kuɗin azurfa na Rumawa. Guda uku na samu a Kasuwar Kurmi, daga baya na gano biyu maƙeri ne ya buga su jiya-jiyan nan. Duk da haka na sayi gilashin masu gyaran agogo, na koyi karanta haruffan da ke bakin kuɗin.

Surukata, wadda asalin gidansu fataken Tarabulus ne, ta ji labari ta aiko a kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe ta. Ta kwance bakin gyale, ta miƙo mini wata 'yar azurfa mai huda.

"Malam, ga hoton kakanmu. Ka gani, don ka san gidan da ka yi aure."

Na ɗora gilashi a ido. Mutum ne mai murɗaɗɗen gemu, da ganye zagaye da kansa. Ta gaske ce. Sai dai Hajiya ta dirje ta da toka da lemon tsami har rabin rubutun ya tafi.

"Hajiya, wannan ganyen fa?"

"Rawani ne, gogewa ya yi."

Wa zai musa wa surukarsa? Na ari azurfar na kwana bakwai, ina gwada gemun da hotuna a waya, har matata ta ce na fi kallon baƙon nan fiye da ita. A ƙarshe na gane shi: wani sarkin Rum ne, kuma a gaɓar teku kusa da Tarabulus aka haife shi.

Na koma ina ta kame-kame. "Hajiya, sarki ne. Amma dai ɗan wajenku ne."

"Yo da me na ce maka? Sarautar ce kawai ba su faɗa mana ba. Gidanmu ba ma son fariya."

Na ce ai ya rasu tun kafin zuwan Musulunci. Ta karɓi kuɗin, ta juya shi a tafin hannu.

"Ashe bai yi salla ba."

Na fara sa rai za ta bar mini shi. Sai ta ɗaure shi a gyale.

"Naka naka ne. Zai zauna kusa da carbi, ko ya samu albarka."

Ta sa aka zubo mini alkaki, aka sallame ni.