Ɗakin Tsafin Da Na Ƙirƙira, Kaka Ta San Shi

Ya jama'a, ku ji abin da ya faru da ni yau!

Ɗazu muna gidanmu a unguwar Ruwais, nan ƙasar Makka, da abokaina Usama da Haruna, muna wasan nan na tebur. Ni ke ƙirƙiro labari, su kuma su jefa ɗan ludo su ga abin da zai sami jarumansu. Yau suka iso wani ɗakin tsafi. Wallahi daga kaina na haɗa shi!

Na ce, "Ginin jar ƙasa ne, ba taga. Tsamiya ta fasa rufin ta fito. A tsakiya akwai rijiya, an rufe ta da fatar baƙin sa."

Sai ji muka yi taratsatsa! Kakata ce ta saki farantin shayi.

Ta ce, "Wa ya faɗa maka?"

Na ce, "Kaka, wasa ne fa."

Ta ce, "Wannan a bayan gidan ubana yake, can garinmu. Saboda shi na gudo Makka da ƙafa. Ko uwarka ban taɓa gaya wa ba."

Usama ya ce, "Halas, ya isa haka! Yalla mu tashi!"

Ta damƙe hannuna. "Bayan rijiyar akwai ƙaramar ƙofa, ko? Da tabarma a shimfiɗe?"

Jama'a, labarin bai kai nan ba. Ban faɗa wa kowa ba. Amma ƙofar da tabarmar suna cikin raina!

Idonta ya ciko da hawaye.

Ta ce, "Ni aka shimfiɗa wa."