Kawu Ɗan Tani da kamunsa guda ɗaya

Duk wanda ya taɓa kai hatsi niƙa a Madarumfa ya san Kawu Ɗan Tani: injin na tsayawa sai ya karkaɗe gari daga gemu, ya jawo jitarsa daga bayan buhu, ya ce, "Mata, ku yi shiru, za a yi ilimi!"

Wani mushen lakwal ne, wato malamin makarantar boko, ya ba shi ita. Ya zauna koya masa kamun da ake kira la minar, wanda ke son yatsu uku a kan tsirkiya. To kun san belin injin ya cinye wa Kawu yatsan da ke kusa da ƙarami a hannun hagu. Mushe ya duba hannun. Kawu ya ɗora biyun da ya samu, ya kaɗa. Sai mushe ya yi zumbur: "Kai! Ai wannan la minar set ce! Ɗage yatsa ɗaya ake yi. Wata biyu na yi kafin in iya ta!"

Kawu ya ce, "Ayya. Ni injin ya koya mini tun kafin in gama salati."

Daga nan fa bai ƙara koyon komai ba. Na ce, "Kawu, akwai wasu kamun fa." Ya harare ni: "Wannan ɗin ka ga ya ƙare ne?"

Ranar da tsirkiya ta tsinke, na ce zan sayo masa a Maraɗi. Ina! Wayar birkin kekena ya zare. Na ce, "Kawu, da me zan tsaya?" Ya ce, "Da ƙafa. Ita jitar tana da ƙafa ne?"

A bikin wata 'yar uwarmu Rabi a garin Gabi, waƙa bakwai aka yi, kamu ɗaya Kawu ya bi su da shi. Makaɗin bikin ya ce, "Baba, mun canza waƙa." Kawu ya ce, "Ku je ku dawo, ina nan."

Matarsa Gwaggo Hajo kuwa kullum faɗa: "Malam, ko kaji sun haddace abin nan!" Amma da idonta ya mutu, ita ce ke kira daga ɗaki: "Malam, kaɗa mini, in san inda kake." Ya kan jawo tabarma har bakin ƙofarta, ya yi ta kaɗawa a hankali har a kira magariba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya ba Gwaggo haƙurin shirun gidan nan. Amin.