Italiyancin da Baba Ya Koya a Lambu

Jiya da hantsi 'yata Hauwa tana tsakar gida tana fama da darasin Italiyanci a waya, saboda karatun da ta nema a can. Jarrabawa ta matso, ta kasa gane yadda ake faɗin abin da mutum yake cikin yi. Har ta fara ƙwalla.

Sai mahaifina, da ke ba tumatir ɗinsa ruwa, ya ce, "Sto innaffiando i pomodori. Wato ina ba tumatir ruwa."

Hauwa ta saki baki. "Baba Tsoho, ina ka samo wannan?"

Ashe lokacin da Dutse ta zama babban birnin jiha, ya yi aikin lambu a gidan wani Ba'italiye mai aikin hanya. Kullum mutumin sai ya tambaye shi me yake yi, shi kuma ya amsa.

Baba ya ce mata, "Zo ki karɓi irin nan, ki ce sto piantando, wato ina shuka."

Kafin azahar bakinta ya saba, tana ta dariya.

Wallahi ni da ya haifa ban taɓa sani ba, don ban taɓa tambaya ba. Ku fa, yaushe rabonku da zama hira da tsofaffinku?