Sambol a Wuyan Mushe Illa

Duk wanda ya san Mushe Illa, wato Malam Illa da nasarance, ya san ba ya shiga aji hannu sake. Ko buhu a kafaɗa, ko ƙwarya rufe da faifai, ko wani abu mai motsi cikin aljihu. In ka tambaye shi, amsar ɗaya ce: "Gani ya kori ji, abokina!" Ku da ya karantar a lakwal ɗin ƙauyenmu, makarantar bokon nan can bayan Tsarnawa, kun sha jin wannan magana. Ni kuwa da nake diraktar, shugaban makarantar, ni na sha wahalarta.

Sitaj ne ya ja mana, wato horon da ake kiran malamai su yi lokacin hutu. Mu sauran mukan je mu yi gyangyaɗi mu dawo. Shi kam sai ya zauna gaba ya baza kunne. Wata shekara mai horon ya ce yaro ba ya riƙe kalma sai ya ga abin da idonsa, ya taɓa shi. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki!

Da jakin kuwa ya fara. Ajinsa rumfar kara ce a lokacin. Ina cikin nawa aji na ji kuka, na leƙa, sai ga jakin maƙwabcinmu tsaye gaban allo, yara na maimaita sunansa da Faransanci, shi kuma gogan ya duƙufa yana cin bango.

"Illa, mi a wanga? Ɗiyan ga duk bisa jaki sunka tashi!"

"Sun san shi da Hausa, Diraktar. Yau sun san shi da nasarance."

"To ga shi ya huda muna aji!"

Ya dubi ramin, fuskarsa ta yi haske. "Alhamdu lillahi! Gobe darasin taga muka yi, ina ta tunanin inda ni ka samo ta."

Sai kuma maganar ƙanƙara. Littafinmu daga Faransa ya zo, cike da labarin ƙanƙarar da ke zubowa daga sama ta rufe gari. Mutumin nan ya hau keke cikin zafin bazara har Birnin Kwanni, ya roƙi wani mai kanti da ke da firiji ya ba shi dunƙule ɗaya, ya naɗe a buhu. Kafin ya iso, ba abin da ya rage sai buhun. Kuna tsammanin ya karaya? Ya bi layi ya sa kowane yaro ya taɓa. Bayan wata guda na tambayi wani yaro ma'anar kalmar, ya miƙe ya ce, "Jiƙaƙƙen buhu, Mushe!" Na juya na harari Illa.

"Bai yi ƙarya ba," in ji shi. "Abin da yag gani yah hwaɗi."

Duk wannan wasa ne. Abin da ya so ya cinye mu shi ne sambol. Yaran yanzu ba su san shi ba: ƙashin kan akuya ne a igiya. Yaron da ya kuskura ya yi Hausa a lakwal sai a rataya masa, shi kuma ya yi ta fakon wani ya miƙa masa. Wanda aka tashi yana wuyansa, bulala ce rabonsa. Illa ya dawo daga wani sitaj, ya yi hira da wasu malamai, ya zo da sabon ra'ayi: a fara yi wa yaro bayani da harshen uwarsa, in ya gane a juya masa da Faransanci. Na ce masa doka ta hana.

"Doka cewa tay yi wanda yay yi Hausa shi rataya, ko? To ni niy yi."

Ya ɗauki sambol ya sa a wuyansa. In yaro ya yi suɓul da baka ya karɓa, nan take Illa zai ce "yawwa," ya yi Hausa ke nan, a maido masa abinsa. Kullum a wuyansa ake tashi, kuma ban taɓa ganin ya bugi kansa ba. Gaskiya dai, yaran da ba su buɗe baki suka soma tambaya, masu gudu gona suka dawo aji. Amma labari ya kai Kwanni. Aka aiko cewa ansifekta, mai duba makarantu, na tafe, in ya tarar gaskiya ne, za a cilla Illa can arewa mai nisa. Ga tsohuwarsa makauniya a gidansa, wadda ko zuwa kasuwa ba ta iya yi, balle doguwar tafiya. Na ji tsoro ƙwarai.

Na roƙe shi har ya yarda ya rataye sambol a ƙusa, ya riƙe bakinsa. Ƙwaryarsa ce dai ya ƙi bari.

Ansifektan nan Bahaushe ne ɗan'uwanmu, amma tun da ya dawo karatun waje ba wanda ya ƙara jin Hausa a bakinsa. Ya shigo cikin kwat, ya zauna a bencin baya, ni ina gefensa. Illa ya sanar da Faransanci cewa darasin kunama za a yi. Ya ɗaga faifai. Wayam! Ya leƙa ƙarƙashin tebur, yara suka ɗaɗɗaga ƙafa. Can sai na hange ta tana hawan wandon baƙonmu.

Mutumin ya yi tsalle ya dira kan benci.

"Wayyo Allah na! Kunama! Ku kashe ta, ku kashe 'yar banza!"

Illa ya kaɗe ta da sanda ya kife da ƙwarya. Sai Rabi, wata 'yar ƙarama mai bin doka sau da ƙafa, ta tashi ta ciro sambol daga ƙusa, ta je gaban ansifekta ta durƙusa, ta miƙa masa da hannu biyu.

Na ce a raina, yau ni da Illa tare za mu hau mota.

Ya dubi ƙashin, ya dubi yarinyar. Gashin bakinsa ya soma rawa. Sai ya fashe da dariya har da hawaye, ya sunkuyar da kai ta rataya masa. Daga nan ya shiga yi wa yara tambayoyi da Faransanci a kan kunama, suna rige-rigen ba shi amsa, har da 'yan bayan aji. Ban taɓa sauke ajiyar zuciya irin ta ranar ba.

Da muka raka shi mota, ya rage murya ya ce wa Illa da Hausa, "Malam, ci gaba da abinka. Amma ka bar kawo masu harbi." Ya kai hannu zai cire sambol.

"A'a, ranka shi daɗe," in ji Illa. "Ba a cire shi haka nan. Sai ka kama wani yay yi Hausa can buro, ofishinku."

Haka sambol ɗinmu ya tafi Kwanni, bai dawo ba, mu kuma ba mu sake yin wani ba. Illa ya zauna ƙauyenmu, da hannunsa ya kai tsohuwarsa makwancinta bayan shekaru.

Yau ga shi shi ma ya bi ta, kuma wallahi ina kewarsa. Allah ya jiƙan Mushe Illa, ya yafe masa kurakuransa. Aljannar da ya yi ta jin labarinta, Allah ya sa ya gan ta da idonsa, ya taɓa da hannunsa. Amin.