Malama Lusi, Mai Aron Tukunya

Da an yi sallar asuba, kafin masu shayi su hura wuta a bakin tashar Talata Mafara, Malama Lusi Silas ta riga ta ɗaura ƙullin waken suya a zaninta tana jiran mota. Haka mutanen gari suka saba ganinta tun zuwanta daga Zuru tana budurwa, malamar gona da aka tura wajen mata. Yanzu ma tana tashi da wuri, amma iyakarta bakin ƙofa. Ta yi ritaya bana, muryarta kuma ta dushe, sai an matso kusa ake jin abin da take faɗa. Abin da ke damunta guda ne: ofis bai turo wata a madadinta ba, tana tsoron aikin zai yi shiru tare da ita.

Ta so waken suya kamar yadda wasu ke son 'ya'yansu. A gidansu da shi aka yaye ta, ta kuma ga yadda kununsa ke tayar da yaron da tamowa ta kwantar. Sai dai a wancan lokaci matan ƙauyukanmu ba su san shi a tukunya ba. Waɗanda suka taɓa ganinsa abincin dabbobi suka ɗauke shi.

Fitarta ta farko ƙauyen Ruwan Gizo ta je, gidan suna. Ta soya awara tun daga gida, ta jera a kwano mai murfi, ta tsaya tsakar gida tana bayanin amfaninta. Matan suka gaishe ta da kyau, suka tambayi gajiya da mutanen gida, suka karɓi kwanon da hannu biyu, suka tura shi ƙarƙashin gado. Babu wadda ta taɓa. Tana shirin tafiya wata dattijuwa, Inna Nagode, ta kira ta gefe.

"Ɗiyata, ba ƙinki muka yi ba," in ji Inna. "Amma ba mu san ki ba, ba mu san tukunyarki ba, ba mu san abin ga ba. Wa ka cin baƙo uku rana guda?"

Malama Lusi ba ta yi fushi ba. Da ta koma ba kwano a hannunta, sai ɗanyen wake. Ta durƙusa gaban Inna ta ce, "Inna, aron tukunya na zo." Matan suka yi dariya, wai ma'aikaciyar gwamnati ba ta da tukunya. Ta bar su suka jiƙa da kansu, suka markaɗa, suka tace, suka ɗora a kan murhunsu. Ita dai tana gefe tana tsinkar zogale, tana ba su labarin yadda surukarta ta taɓa cewa tuwonta zai iya fasa kan ɓarawo. Da aka zuba ruwan tsami madarar ta dunƙule, kowa ya leƙo. Inna Nagode ce ta fara kai loma, ta tauna a hankali.

"To, Inna?"

"Babu yaji," in ji tsohuwar. "Miƙo wani."

Daga ranar ba ta sake tsayawa ta yi wa mata jawabi ba. Wajen daka take samun su, ko bakin rijiya, ko wurin kitso. Maganarta ba ta wuce guda: "Tukunyarki ce, wutarki ce, hannunki ne. Ɗanɗana, in bai yi ba ki zage ni." An zage ta kuwa. A Birnin Tudu wani magidanci ya taɓa watsar da ƙullin nata waje, ya ce kada ta sake shigo masa gida. Ta tsince waken ɗaya bayan ɗaya, ta shiga gidan maƙwabcinsa. Direbobin hanyar Bakura sun shaida cewa ko a mota ba ta barin fasinja ya huta, har fasinjojin suka riƙa cewa, "Malama, mu dai bari mu kai tasha, mun yarda."

Malama Lusi, ke ce baƙuwar da ba ta raina murhun kowa ba. Ke ce kika sha hayaƙin gidaje har ya cinye miki murya. Yara nawa suka miƙe da kunun da kika koyar, ba su san fuskarki ba. Mun bar ki kika yi ta yawo ke kaɗai, babu wadda a cikinmu, mu da muka yi karatu, ta ce bari ta bi ki ta koyi yadda ake shiga gidan da ba a san mutum ba. Ranar da kika ajiye aiki ko tabarma ba a shimfiɗa ba.

Akwai ƙauyuka ta wajen Maradun da ta yi wa alkawarin kai iri, hanya ta lalace da rashin tsaro, ba ta koma ba. Inna Nagode ta rasu ba ta samu zuwa gaisuwa ba. In ta tuna waɗannan sai ta kalli ƙasa.

Kwanakin baya maƙwabciyarta Zahra'u ta ja ta gidan suna a cikin gari. Tana zaune a lungu, wata matashiya mai goyo, baƙuwa daga Birnin Tudu, ta miƙo mata kofin kunu. Malama Lusi ta girgiza kai tana nuna maƙogwaronta.

"Haba Mama, kurɓa guda," in ji matar. "Da waken suya a ciki, shi ya raya min wanga yaro. Nan gidan muka dama, tukunyarku ce, wutarku ce. Ɗanɗana, in bai yi ba ki zage ni."

Malama Lusi ta karɓi kofin. Sannan ta tambaya da ragowar muryarta, "Wa ya koya miki?"

"Innarmu. Ita ma wai wata baƙuwa ce ta koya musu, mai yawon aron tukunya. Ban san sunanta ba. Ƙila ma ta rasu."

Zahra'u ta buɗe baki za ta yi magana, Malama Lusi ta dafa mata gwiwa. Ta shanye kunun tas, ta miƙa kofin a ƙara mata.

Ba ta rasu ba, tana nan Talata Mafara, sunanta Lusi Silas. Mun gode, Malama, ko da godiyar ta zo a makare. Allah ya ba ki lafiya, ya saka miki da alheri. Wadda kuma take da wani abin kirki da take son mutane su gwada, ta je ta gaishe ta tun ana iya jin muryarta. Sai dai ta matsa kusa sosai.